Yadda Aka Tilasta wa Kamfanoni Buɗe Rumbun Bayananmu

A shekarar 2011 wani ɗalibin shari'a ɗan ƙasar Ostiriya, Max Schrems, ya nemi Facebook ya ba shi duk abin da ya tara a kansa. Sai ga faifai ɗauke da shafuka fiye da 1,200, har da saƙonnin da ya daɗe da gogewa.

Haƙƙin da ya dogara da shi ya girmi Facebook nesa ba kusa ba. Jihar Hesse ta Jamus ce ta fara kafa dokar kare bayanai a 1970, Suwidin ta biyo baya a 1973. A 1983 kuma, a shari'ar ƙidayar jama'a, kotun tsarin mulkin Jamus ta yanke cewa mutum ne ke da ikon cewa wa zai san sirrinsa. A wancan zamani hukuma ake tsoro, domin Jamusawa ba su manta da abin da rajistar mutane ta jawo a mulkin Hitler ba.

Da intanet ta bunƙasa, sai rumbun ya koma hannun 'yan kasuwa, masu cin abinci da tallar da ke bin mutum gwargwadon abin da suka sani a kansa. Dabararsu ta farko ita ce doguwar yarjejeniyar da ba mai karantawa: ka danna "na yarda", shi ke nan. Kotun Tarayyar Turai ta taka musu birki a 2014, inda ta wajabta wa Google sauraron masu neman a cire wasu bayanai a kansu daga sakamakon binciken sunayensu. Daga 25 ga Mayun 2018 dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wato GDPR, ta fara aiki, da tarar da ke iya kaiwa kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani a shekara. Daga nan ne maɓallan sauke bayanai da gogewa suka zama ruwan dare.

Amma wayo bai ƙare ba. Aka sa "na yarda" ƙato a gaba, aka binne "ban yarda ba" can ciki. Wannan ne ya sa Faransa ta ci Google tarar Yuro miliyan 150, Facebook kuma miliyan 60, kamar yadda aka sanar a farkon 2022. Da Apple ya sa manhajoji su riƙa neman izini ƙarara kafin bin diddigin mutum a 2021, Meta, mamallakin Facebook, da kansa ya ce matakin zai ci masa kusan dala biliyan 10 a shekara guda.

Nijeriya ta samu tata dokar a Yunin 2023, don haka kai ma kana da ikon tambayar bankinka ko kamfanin layinka abin da suka ajiye a kanka. Ka tambaya.