Ɗora Modul ɗin Rediyo a kan Allon Da'ira: Nazari daga Zangunan Accra

Tsakure

Maƙalar nan tana bincika dalilin da ke sa na'ura ta ƙi kama sadarwa alhali modul ɗin rediyon da ke cikinta lafiyarsa ƙalau. An ɗauki SIM800L da ESP32 a matsayin misali, aka gwada ƙa'idojin da masu ƙera su suka wallafa da yanayin aiki a Old Fadama, Nima da Maamobi. Hujjar maƙalar ita ce, allon da ya ɗauki modul shi ne rabin rediyon.

1. Gabatarwa

Kafin hukumomi su rushe kasuwar gwangwan ta Agbogbloshie a watan Yulin 2021, nan ne babbar matattarar tsofaffin kayan lantarki a Accra, a bakin kogin Odaw, daura da Old Fadama. Rubuce-rubucen da aka yi a kan wurin sun fi karkata ga hayaƙi da guba. Kaɗan ne suka kula da basirar masu kwance alluna, daga ciki akwai shirin Agbogbloshie Makerspace Platform na DK Osseo-Asare da Yasmine Abbas. Rushewar ba ta kashe sana'ar ba. Mai gyara a Nima ko a Tip Toe Lane da ke Circle yakan sayi sabon modul da araha, sauran kayan kuwa daga mataccen allo yake ciro su. A wannan haɗin gambizar matsala take.

2. Wuta

SIM800L na kamfanin SIMCom yana aiki tsakanin volt 3.4 da 4.4. A tsarin GSM ba a watsa saƙo a miƙe. Modul yakan yi fitar burtu na maikurosakan 577 a cikin kowane milisakan 4.615, kuma a wannan ɗan taƙin yana iya zuƙar amfiya 2. Shi ne ma tushen ƙugin nan da rediyo ke yi idan waya na kusa da shi.

A ce batir yana volt 3.8, kuma tirjiyar siririn layin jan ƙarfe da ta tsohuwar kafasita sun kai om 0.3. Amfiya 2 za ta zubar da volt 0.6, saura 3.2, ƙasa da abin da modul ke jurewa. Sai ya mutu ya sake tashi. Mai gyara zai ga 'yar fitilarsa tana ƙyaftawa kusan kowace daƙiƙa, ba ta taɓa komawa sau ɗaya a daƙiƙa uku ba, wanda shi ne alamar ya kama layi. Da yawa sukan ɗora laifin a kan MTN ko Telecel, ko su ce modul ɗin jabu ne. Maganin kuwa faffaɗan layin wuta ne gajere, da sabuwar kafasita dab da ƙafar modul. A nan ra'ayin marubuci a fili yake: kowane abu ana iya cirowa daga gwangwan, ban da wannan kafasitar, domin ruwan cikinta yana bushewa da shekaru ko da kanta bai kumbura ba.

3. Eriya da shimfiɗar ƙasa

A zangon gigahaz 2.4 da ESP32 na kamfanin Espressif ke amfani da shi tun fitowarsa a 2016, tsawon igiyar rediyo santimita 12.5 ne, rubu'inta kuwa ɗan sama da santimita 3. A megahaz 900 rubu'in ya haura santimita 8. Eriyar rubu'i tana buƙatar shimfiɗar jan ƙarfen allo ta cika mata ɗaya ɓarin, don haka wanda ya tsuke allo don tsimin kuɗi, eriyarsa ya datse.

Ƙarƙashin eriyar kanta kuma ba a son jan ƙarfe ko kaɗan. Espressif ya ba da shawarar a turo ta waje da bakin allo, a bar mata sararin milimita 15. Idan layi ne zai kai saƙo ga eriyar waje, dole ya dace da om 50, wato faɗin kusan milimita 3 a kan allon FR-4 mai fuska biyu da kaurin milimita 1.6.

4. Muhalli da doka

Ƙa'idojin kamfani ba su san rufin kwano ba. A lungunan Maamobi da rumfunan Old Fadama, kwano da akwatin ƙarfe suna mayar da igiyar rediyo baya, shi ya sa gwajin kan tebur ba ya wadatarwa. Sai an rufe murfi, an kafa na'urar a inda za ta zauna, sannan a auna. Laimar bakin teku mai gishiri kuma tana cin dalma da jan ƙarfen da aka bari tsirara, don haka shafa wa allo vanish wajibi ne, ban da kan mahaɗin eriya.

Hukumar sadarwa ta Ghana, NCA, ita ke tantance na'urorin rediyo a ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2008, mai lamba 775. Wanda ya canja eriya ko ya ɓamɓare murfin ƙarfen modul ya fitar da shi daga siffar da aka gwada shi a kai, kuma yana iya dagula wa maƙwabta sadarwa.