Wata Uku Bayan Yunwa: Yadda Likitoci Suka Gano Dalilin Zubewar Gashin Mai Rage Ƙiba

Ranar 12 ga Fabrairun 1945 aka raba abincin wasu samari 36 gida biyu a Jami'ar Minisota da ke Amurka, aka ba su rabi. Da yardarsu aka yi. Mutane ne da suka ƙi ɗaukar makami a Yaƙin Duniya na Biyu saboda aƙida, da dama daga cikinsu mabiya ɗariƙun Kirista masu haramta yaƙi, gwamnati kuma ta tura irinsu aikin farar hula, kamar kashe gobarar daji da jinyar masu taɓin hankali. Sama da mutum 400 suka amsa kiran da aka yi na neman masu zama da yunwa domin kimiyya. Daga cikinsu aka tsamo waɗannan, aka ba su masauki a ƙarƙashin filin wasan jami'ar, inda ɗakin binciken Ancel Keys yake.

Abin da Keys yake nema a fili yake. Yaƙi ya jefa miliyoyin mutane cikin yunwa a Turai da Asiya, likitoci kuwa ba su da cikakken sani a kan abin da yunwa ke yi wa jiki, balle yadda za a farfaɗo da wanda ta galabaitar. Tun watan Nuwambar 1944 samarin suka shafe mako 12 suna cin kimanin kalori 3,200 a rana. Daga nan aka sauko da su zuwa kimanin 1,570 har tsawon mako 24, abincin kuma irin na wanda yaƙi ya ritsa da shi: dankalin Turawa, kabeji, taliya, burodi, nama kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Aka kuma ɗora musu tafiyar ƙafa ta kusan kilomita 35 a kowane mako. Manufar ita ce kowannensu ya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, haka kuwa aka yi.

Sakamakon ya fito a 1950 cikin littafi mai juzu'i biyu, The Biology of Human Starvation, mai shafi 1,385. Bugun zuciyar samarin ya ragu ƙwarai. Sanyi ya riƙa kama su har a tsakiyar bazara, ƙafafunsu suka kumbura, sha'awar mata ta mutu, hirarsu da mafarkinsu suka koma kan abinci. Wasu suka shiga tara littattafan girki, wasu suna lashe faranti. Ɗaya daga cikinsu ya datse yatsunsa uku da gatari a lokacin da aka fara mayar musu da abinci. A tsakiyar waɗannan manyan abubuwa akwai wani ƙaramin bayani da ba a cika tsayawa a kansa ba: farcensu ya rage saurin fitowa, aski ya daina zama na kullum, gashin kansu kuma yana zubewa da yawa.

Adadin nan na kalori 1,570 ya cancanci a dakata a kansa. Bai yi nisa da abin da tsare-tsaren rage ƙiba da yawa suke gindaya wa mutane a yau ba, wasu ma ƙasa da haka suke sauka. Gaskiya ne samarin Minisota ba masu ƙiba ba ne tun farko, kuma suna aikin ƙarfi, don haka giɓin da ke tsakanin abin da suke ci da abin da jikinsu ke ƙonawa ya fi na mai zaman ofis girma. Duk da haka, abin da masana suka kira rabin yunwa a 1945 shi ne ake tallata wa mutane da sunan gyaran jiki bayan shekaru kaɗan.

Kafin Keys, wata likita ta riga ta karanta labarin yunwa a kan gashi, a Afirka ta Yamma. Cicely Williams, haifaffiyar Jamaika, ta fara aiki a ƙasar da ake kira Gana yanzu a 1929. A asibitin yara na Akara ta riƙa ganin ƙananan yara masu kumburin jiki da saɓewar fata, waɗanda gashinsu ya yi laushi, ya koɗe zuwa ja-ja, yana tsigewa ba tare da zafi ba. Ta bayyana cutar a 1933, sannan a 1935 ta shigar da sunan da mutanen Ga suke kiranta da shi cikin littattafan likitanci, wato kwashiyoko, ciwon yaron da aka yaye saboda an samu ƙani. Yara ne da aka cire daga nono aka ɗora kan kunun masara zalla. Duk uwar da ta taɓa jinyar mai tamowa ta san wannan gashin. Daga baya likitoci suka lura cewa a kan sili ɗaya ana iya ganin ratsin fari da na baƙi suna bin juna, kowane ratsi yana nuna watannin ƙoshi ko na rashi, har suka sa masa suna alamar tuta.

An dai san yunwa tana taɓa gashi. Abin da ya rage shi ne a san ta yaya, da kuma dalilin da ya sa zubewar ba ta zuwa nan take.

Amsar ta zo a 1961 daga wani likitan fata na Jami'ar Fensilbaniya, Albert Kligman. Sunansa yana ɗauke da tabo, domin shi ne ya shafe shekaru daga 1951 zuwa 1974 yana gwaje-gwaje a jikin fursunonin gidan yarin Holmesburg da ke Filadelfiya, akasarinsu baƙaƙen fata, aikin da jami'ar da hukumar birnin suka nemi afuwa a kansa bayan rasuwarsa. Sai dai bayanin da ya yi a kan zubewar gashi ya tsaya da ƙafarsa har yau, kuma shi ne ya raɗa wa lamarin sunan da likitoci ke amfani da shi, telojin efluviyam, ma'ana kwararar gashin da ya shiga hutu.

Kan mutum yana ɗauke da kimanin sili 100,000, kuma kowane tushe yana bin nasa lokacin. Tushe yakan shafe shekara biyu zuwa shida yana fitar da gashi, kusan santimita ɗaya a wata. Sai ya tsaya, ya tsuke cikin mako biyu zuwa uku, sannan ya shiga hutu na kimanin wata uku, silin yana maƙale a wurinsa amma ya daina tsawo. A ƙarshen hutun sabon gashi ya taso daga ƙasa, tsohon ya faɗi. A kan mai lafiya, kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na tushen suna cikin aiki a kowane lokaci, sauran suna hutu, shi ya sa faɗuwar sili 50 zuwa 100 a rana ba abin damuwa ba ce. Da yake kowane tushe da ranarsa, ba a ganin giɓi.

Ƙwayoyin da ke ƙera gashi suna cikin waɗanda suka fi saurin rarrabuwa a jikin ɗan Adam, suna cin kuzari da furotin da sinadarin ƙarfe da yawa, alhali rayuwa ba ta rataya a kansu ba. Idan jiki ya shiga matsi, sai ya yi abin da magidanci yake yi in rumbu ya yi ƙasa: a ciyar da wanda ba makawa, a dakatar da sauran. Dubban tushen da ya kamata su ci gaba da aiki sai su shiga hutu a lokaci guda. Ba abin da ake gani a ranar, domin silin yana nan daram. Sai wa'adin hutun ya cika, bayan wata biyu zuwa huɗu, sannan su zubo tare, a kan matashin kai, a matsefi, a wurin wanka, kowanne da ɗan farin kai a gindinsa. Wannan ne yake faruwa da mai jego watanni kaɗan bayan haihuwa, da wanda ya tashi daga zazzaɓin taifot, da wanda aka yi wa babban aiki a asibiti.

Jinkirin nan shi ne tushen ruɗanin. Mace ta matse cikinta a watan Janairu, nauyi ya sauka, ta koma cin abinci daidai a Maris, sai gashi ya fara zuba a Afrilu. Zarginta zai tafi kan sabon man kitso, ko ruwan unguwa, ko wani abin da ta ci jiya, ba kan abin da ya wuce tun wata uku ba. Mai sayar da maganin gashi kuwa yana cin ribar jinkirin ta ɗaya gefen: zubewar takan tsaya da kanta cikin wata uku zuwa shida idan an kawar da sanadin, don haka duk man da aka shafa a wannan tsakanin shi zai kwashe yabon.

Shekarun 1970 ne suka kawo hujjar a kan masu rage ƙiba kai tsaye. A 1976 wasu likitocin fata biyu, Goette da Odom, suka wallafa rahoto a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a kan mutum tara da gashinsu ya zube sosai wata biyu zuwa biyar bayan sun fara rage abinci mai tsanani, inda suka rasa tsakanin kilo 12 zuwa 25. Gashin ya dawo bayan 'yan watanni. Rahoto ne ƙarami, amma ya faɗo a kan gaɓa, domin a wannan shekarar ce wani likita a jihar Fensilbaniya, Robert Linn, ya fitar da littafinsa The Last Chance Diet. Shawararsa ita ce a bar abinci gaba ɗaya, a riƙa shan wani ruwan furotin da ya sa wa suna Prolinn, wanda bai wuce 'yan ɗaruruwan kalori a rana ba. Ana haɗa irin wannan ruwa ne daga fata da jijiyoyin dabbobi, ragowar mahauta, a narkar da su a zuba ɗanɗano. Furotin ne mafi ƙarancin daraja, wanda ba shi da wasu daga cikin tubalan da jiki ba ya iya ƙerawa da kansa. Littafin ya yi kasuwa matuƙa, kamfanoni da dama suka fito da nasu ruwan.

Zubewar gashi tana cikin koke-koken da masu shan ruwan suka riƙa kaiwa. Ba a daɗe ba aka fara jin abin da ya fi haka muni. A 1977 rahotannin mutuwar fuju'a suka fara isa ga hukumomin lafiya na Amurka. Masu bincike suka tantance mutum 17 waɗanda ba su da wata cuta sananniya in ban da ƙiba, kusan dukkansu mata, da suka mutu sakamakon rikicewar bugun zuciya bayan watanni a kan irin wannan tsari. Da aka duba zukatan wasu daga cikinsu, an tarar naman zuciyar ya zaizaye kamar na wanda yunwa ta kashe. Jikin da ya dakatar da gashi don ya tsimi furotin, da rashin ya yi tsawo sai ya koma cin naman kansa, bai kuma ware zuciya ba. A 1984 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin irin waɗannan kayayyaki, cewa dogaro da su a ƙasa da kalori 400 a rana yana iya jawo ciwo mai tsanani ko mutuwa.

Kuskure ne a ɗauka duk wanda gashinsa ya zube yana bakin kabari. Mafi yawan masu wannan matsala lafiyarsu ƙalau, tushen gashinsu bai mutu ba, ba kuma sa kaiwa ga sanƙo, sai dai cikar gashin takan ɗauki shekara ko fiye kafin ta dawo, tunda santimita ɗaya ce a wata. Amma abin da ya faru a 1977 ya sauya yadda likitoci ke kallon alamar. Tsare-tsaren ƙarancin kalori da suka biyo baya sun koma amfani da furotin mai inganci daga madara ko ƙwai ko waken suya, da ƙarin gishirin jiki da bitamin, ƙarƙashin kulawar likita. Idan mai rage ƙiba ya zo da kukan gashi, akan tambayi saurin da nauyin ya sauka da yawan furotin da yake ci, a auna ma'ajiyar sinadarin ƙarfe a jininsa, musamman mace mai haila, a kuma duba aikin maƙoƙo, domin shi ma yana kawo irin wannan zubewa.

Tiyatar rage tumbi, da ta yaɗu daga shekarun 1990, ta maimaita darasin: zubewar gashi a watannin farko bayan aikin abu ne da likitocin suke gaya wa majinyaci tun kafin a shiga da shi.

Sai kuma alluran zamanin nan. A watan Yunin 2021 Amurka ta amince da Wegovy a matsayin maganin ƙiba, a Nuwambar 2023 kuma Zepbound ya biyo baya. Dukansu suna rage sha'awar abinci ne, mutum ya ci kaɗan ya ji ya ƙoshi. A gwaje-gwajen Wegovy, kashi 3 cikin ɗari na manyan da suka karɓi maganin sun ba da rahoton zubewar gashi, a kan kashi 1 na waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a ciki. A na Zepbound adadin ya kai kashi 4 zuwa 5, kuma ya fi yawa nesa ba kusa ba a tsakanin mata. Bayanin da ya fi rinjaye a wurin likitocin fata ya ginu ne kan aikin Kligman na 1961, wato saurin saukar nauyin ne yake tura tushen gashi hutu, ko da wace hanya aka bi aka sauke shi.

Samarin Minisota 32 ne suka kai ƙarshen gwajin a 1945. Keys ya gwada ba su ƙarin bitamin da ƙarin furotin a lokacin farfaɗowa, ya tarar ba su yi wani tasirin a zo a gani ba muddin abincin kansa bai wadata ba. Abin da ya tashe su shi ne yawan abinci, har kimanin kalori 4,000 a rana, kuma da yawansu sun shafe watanni suna ci ba sa jin sun ƙoshi.