Igiyar da ta gano Titanic

Da yawanmu mun san Titanic ta hanyar fim, jirgin ruwan da ya nutse a Tekun Atlantika ranar 15 ga Afrilu, 1912, mutane sama da 1,500 suka rasu. Ni yau ba ta nan zan ɓullo wa labarin ba, maganar igiya zan yi muku.

Shekara 73 jirgin nan yana kwance a zurfin kusan mita 3,800. A 1985 Robert Ballard na Amurka da Jean-Louis Michel na Faransa suka fita nemansa a jirgin bincike mai suna Knorr. Babu wanda ya shiga ruwa. Wani keken ƙarfe mai kyamarori da fitilu, ana ce masa Argo, shi suka ɗaura wa igiyar ƙarfe suka zura, jirgi yana jansa a hankali.

To a nan aikin yake. Ku ɗauka kuna jan mota da igiyar da ta kai kilomita huɗu, cikin duhu, ba ku ganin motar. Igiya a cikin ruwa ba ta miƙewa samɓal, lanƙwasa take yi, ruwa yana tura ta baya. Idan jirgi ya rage gudu, Argo sai ya yi ƙasa, yana iya dukan ƙasan teku. Ya ƙara gudu kuwa, sai ya taso sama, kyamara ta daina ganin komai. Kwana ma ba a shanta da garaje. Shi ya sa dare da rana akwai mai zama yana naɗe igiya yana saki.

Injiniyoyi sun daɗe da kai wannan matsala gaban kwamfuta. Dabarar tana burge ni wallahi: sai su ɗauki igiyar tamkar carbi, kowane ƙwaya da nauyinsa, a lissafa yadda ruwa ke tura shi da yadda maƙwabtansa ke jansa, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Da haka ake hasashen inda na'ura za ta kasance tun kafin matuƙi ya juya jirgi. Gara igiya ta tsinke a kwamfuta da ta tsinke a teku.

Ballard kuma bai nemi gangar jirgin kai tsaye ba, tarkacen da suka warwatsu ya bi. Cikin daren 1 ga Satumba, 1985, wajen ƙarfe ɗaya, masu gadin allo suka ga wani zagayayyen ƙarfe ya bayyana. Ɗaya daga cikin tukwanen tururin Titanic ne.