Daga Dakar zuwa Maraɗi: Yadda Jami'a Ta Matso Kusa da Ɗan Gulbi

Idan sakamakon jarrabawar bak ta kammala sakandare ya fito a tsakiyar damina, uban yaron da ya ci a Ɗan Gulbi, cikin gundumar Dakoro, tambaya uku yake yi: ina za shi, yaushe za a fara, nawa za a nema? Amsoshin suna nan a rubuce, amma da Faransanci, a jikin takardar da aka liƙa a allon sanarwa na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke Maraɗi, ko a shafinta na intanet. Ɗalibai kan yi cincirindo gaban allon, wani ya ɗaga salula ya ɗauki hoton jerin sunaye, ya tura ta WhatsApp, hoton ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har ya iso ƙauye a dusashe, wani lokaci bayan wa'adin rajista ya wuce. Tarihin karatun jami'a a Nijar tarihi ne na rage nisa tsakanin ɗan manomi da ajin karatu, kuma an yi nasara a kansa fiye da yadda masu suka ke yarda. Sai dai gine-gine sun riga labari isowa, kuma muddin labarin jami'a bai shiga kasuwa da masallaci da harshen mutane ba, aikin bai kammala ba.

A zamanin mulkin mallakar Faransa babu jami'a ko ɗaya a ƙasar. Yaron da ya yi fice a lakwal sai a tura shi makarantar William Ponty a Senegal, inda Boubou Hama da Diori Hamani da Djibo Bakary suka yi karatu, domin ya dawo malami ko akawu. Lokacin da aka sami 'yancin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba, kuma 'yan ƙalilan da suka wuce sakandare sai Dakar, ko Abijan, ko Faransa. A 1971 ne aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, sannan a 1992 aka raɗa mata sunan Abdou Moumouni, masanin nan na makamashin hasken rana wanda ya rasu a 1991. Jami'ar Musulunci ta Say, wadda ta fara aiki a 1986, ita ma a yammacin ƙasar take, a bakin kogin Kwara. Ma'ana, kusan shekara arba'in ɗan gundumar Dakoro da ke son digiri sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 600, ya bar gida shekara guda cur, ya zauna a garin da ba shi da kowa.

Tara ɗaliban ƙasa baki ɗaya a harabar jami'a guda ya ba su murya mai ƙarfi, wannan gaskiya ne. Zanga-zangar ranar 9 ga Fabrairu 1990, da aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy, tana cikin abubuwan da suka kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991, wanda malamin tarihi André Salifou ya jagoranta. Amma cunkoson ya zo da tsadarsa. Azuzuwa suka cika, ɗakunan kwana suka kasa, kuɗin alawus na ɗalibai ya riƙa makara, yajin aiki ya riƙa cinye watanni har wata shekarar ta tafi a banza. Wanda ya fi jin jiki shi ne ɗan ƙauye, domin ɗan birni idan an rufe makaranta gida yake komawa ya ci tuwo, shi kuwa sai ya zaɓa tsakanin kuɗin mota da kuɗin abinci.

Daga nan aka fara tunanin kai karatu jihohi. A 2008 cibiyoyin koyar da fasaha da ake kira IUT suka buɗe a Maraɗi da Tawa da Damagaram, a ƙarƙashin jami'ar Yamai. A 2010, zamanin riƙon ƙwarya na Salou Djibo, aka mayar da garuruwan uku masu jami'o'in kansu, kuma a 2014 aka ƙara huɗu a Agadas da Difa da Doso da Tilaberi, ta yadda kowace jiha ta sami tata. Ta Maraɗi an raɗa mata sunan Dan Dicko Dankoulodo, ɗan garin, masanin kimiyya, wanda ya riƙe ma'aikatar ilimi a ƙarshen mulkin Diori, kuma ya shugabanci hukumar haɗin gwiwar al'adu ta ƙasashe masu amfani da Faransanci, ACCT, daga 1974 zuwa 1982. Fannonin da aka ba ta sun dace da ƙasar da take kai: aikin gona da muhalli, kimiyya da fasaha, kiwon lafiya, da aikin injiniya a IUT.

Masu suka suna cewa an yi gaggawa. Ƙasa matalauciya ta raba ɗan abin da take da shi gida takwas, in ji su, malamai masu babban digiri ba su isa ba, wasu sai an ɗauko su daga Yamai su koyar na 'yan makonni su koma, kuma rikicin da aka gudu a babban birni ya biyo jihohi. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Taƙaddamar 2018 da 2019 tsakanin gwamnati da ƙungiyar malaman jami'a SNECS, a kan ko a zaɓi shugabannin jami'o'i ko gwamnati ta naɗa su, ta tsayar da karatu a ko'ina, kuma ta ƙare da dokar da ta ba gwamnati ikon naɗi. Amma wanda ya ce a jira sai an wadata kafin a buɗe, ya manta wa ke biyan kuɗin jiran. Akwai magidantan da ba za su taɓa barin 'yarsu ta tafi Yamai ba, amma sukan amince da Maraɗi, inda akwai gwaggo ko kawu da za ta zauna a hannunsu, inda kuma za a iya aika mata gero da wake a motar kasuwa. Ƙarancin malamai kuwa ba ya magantuwa da rufe azuzuwa, tun da daga cikin azuzuwan ne malaman gobe za su fito.

Suka ta biyu ta fi nauyi a wurina: me manomi zai yi da labarin cewa an naɗa sabon shugaban tsangaya, ko wani ɗalibi zai kare kundin bincikensa ranar Alhamis? Amsar tana cikin gonakin yankin. Ɗan Gulbi yana cikin kwarin Gulbin Kaba, ƙasar goruba da gero, kuma abubuwan da ake bincike a kansu a tsangayar aikin gona ta Maraɗi da tashar binciken noma ta INRAN da ke Tarna, wato iri mai saurin nuna, ƙwarin da ke cin gero, da gajiyar ƙasa, su ne abin da ake tattaunawa a majalisar ƙofar gida. Ɗalibai sukan zo ƙauyuka da takardun tambayoyi, su zauna a tabarma da manoma, a ba su fura, a ba su amsa, sannan sakamakon ya ƙare a kan kantar ɗakin karatu cikin harshen da masu amsar ba su karantawa. Jihar nan kuwa ta riga ta nuna abin da ilimi ke yi idan ya shiga bakin mutane. Sassaben zamani, wato barin tohon gawo da kalgo da sabara a gona ana yi musu aski maimakon a tumɓuke su, ya fara yaɗuwa a Maraɗi daga 1983, kuma manomi ne ya riƙa koya wa manomi da Hausa har miliyoyin kadada suka sake yin itatuwa.

Hanyoyin isar da labari ma ba sai an ƙirƙiro su ba. Tun 1962 Nijar take da ƙungiyoyin sauraron rediyo, inda mutanen ƙauye ke taruwa su ji shiri su mayar da martani, gidajen rediyon karkara sun yawaita tun daga ƙarshen shekarun 1990, mai shela bai daina aikinsa ranar kasuwa ba, kuma saƙon murya na WhatsApp yana isa ga wanda bai taɓa shiga aji ba. Kundin tsarin mulkin da aka zartar a watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, don haka babu sauran uzurin barin sanarwar jami'a cikin Faransanci kaɗai. Abin da ya rage ga hukumar jami'ar Maraɗi da shugabannin garuruwan gundumar Dakoro shi ne su haɗa kai: ranar buɗe rajista, kuɗin da ake biya, takardun da ake buƙata da wa'adin neman alawus, a karanta su da Hausa a rediyo tun kafin girbi, lokacin da uba ke lissafin abin da zai sayar. Duk ɗalibin da ya yi bincikensa a wani ƙauye kuma, a wajabta masa komawa can ya faɗa wa mutanen abin da ya gano kafin a miƙa masa takardar shaidarsa.