Cinikin Amana

A shekara ta 1983 wani Ba'amurke, Bob Wallace, ya saki manhajarsa, ya ce kowa ya kwafa ya ba maƙwabcinsa. Wanda ya ji daɗinta, shi ne zai aiko da kuɗi.

Masu manhajar zane suka bi sahu. A Jamus aka yi Kandinsky domin kwamfutar gida Atari ST. Layuka take adanawa da ma'auninsu, saboda haka kome aka ƙara wa zane girma ba ya dagulewa.

A 1997 Amurka ta sa wa Sudan takunkumi. Faifai yana iya shiga Khartum da Omdurman cikin aljihu, amma mai amana ya rasa hanyar biyan Ba'amurke haƙƙinsa. Sai a 2017 aka ɗage takunkumin cinikin.