Babur da Lissafin Mai a Gabashin Sakkwato

Wurno, wadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar da ita ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, kuma a cikinta aka binne shi a 1837, da Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, da Goronyo ta bakin gulbin Rima, garuruwa ne da suka daɗe suna dogaro da jaki da raƙumi wajen kai amfanin fadama kasuwa. Babur ya yawaita a cikinsu ne tun daga shekarun 1970, galibi a hannun malaman makaranta da malaman gona, a zamanin da Vespa ta Italiya da Honda da Suzuki na Japan suke alamar mai albashi, fetur kuwa yana da arahar da ba ta sa mai saye ya tsananta bincike a kan shan mai, wato yawan man da inji ke ƙonawa kafin ya ci wata tazara.

Tsadar mai ce ta sauya wannan ma'auni. A 1986, shekarar da gwamnatin Babangida ta ɗauki shirin tsuke bakin aljihu, lita ta tashi daga kwabo 20 zuwa kwabo 39 da rabi, a 1994 ta kai naira 11, a 2016 ta kai 145, sannan janye tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023 ya haura da ita sama da 500 cikin 'yan kwanaki. A tsakanin waɗannan shekaru ne kabu-kabu, sana'ar ɗaukar fasinja a babur, ta zama abin yin matasa da yawa, musamman bayan da madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala a 1984, ta ƙara wa noman rani ƙarfi, albasa da tafarnuwa da shinkafa suka buƙaci abin da zai fito da su ta burtali zuwa bakin titi ko kasuwar Achida. Ɗan kabu-kabu, wanda ribarsa ita ce abin da ya rage bayan kuɗin mai da balas ɗin mai babur, ya juya wa tsohon inji mai hayaƙi baya, domin irinsa yana ƙona baƙin mai tare da fetur, kuma wani kaso na fetur ɗin yana fita ta salansa ba tare da ya ƙone ba. Jincheng ta Sin, daga baya kuma Boxer ta kamfanin Bajaj na Indiya, ba kyan gani ne ya ba su kasuwa ba, ƙarancin shan mai ne da arahar kayan gyara, ko da yake rairayi da lodin da ya wuce kima kan cinye kaso mai yawa na wannan sauƙi.

Wannan siffa ta ƙarancin shan mai da ta taimaki manomi ita ce kuma ta ba 'yan bindiga damar yin doguwar tafiya cikin daji da mai kaɗan, abin da ya sa a watan Satumba na 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma hana goyon mutum biyu a babur. Nauyin dokar ya faɗa har kan manoman rani, waɗanda a jarka suke kai wa injin ban ruwa mai, kuma ba ta hana harin da aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na shekarar ba, inda aka kashe mutane da dama.