Gudawar yara da rigakafin rota: Abin da ya kamata iyaye a Wudil da kewaye su sani

Gudawa da amai na cikin cututtukan da suka fi kai ƙananan yara asibiti a arewacin Najeriya. A Wudil, kamar sauran ƙananan hukumomi 43 na Jihar Kano, iyaye da yawa kan danganta zawon jariri da fitar haƙori ko da nonon uwa, su sayo maganin kashe bakteriya a kemis. Binciken likitoci ya nuna cewa mafi yawan gudawa mai tsanani a yara ƙanana ƙwayoyin bairos ne ke haddasa ta, kuma irin waɗannan magunguna ba sa taɓa bairos. Wanda ya fi kisa a cikinsu, wato rota, yana da rigakafi, kuma tun shekarar 2022 ake ba da shi kyauta a asibitocin gwamnati.

Ƙwayoyin da ke haddasa ciwon

Bairos ƙwayar cuta ce da ta fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ba ta iya hayayyafa sai a cikin ƙwayoyin halittar jiki. Iri biyar ne aka fi sani da kama ciki da hanji: rota, noro, adeno, astro da sapo.

Rota shi ne babbansu wajen hallaka yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Wata masaniya mai suna Ruth Bishop da abokan aikinta ne suka gano shi a 1973 a birnin Melbourne na Ostareliya, cikin hanjin yaran da aka kwantar saboda gudawa. An samo sunansa daga kalmar Latin mai nufin ƙafar keke, domin haka siffarsa take idan an dube shi da na'ura.

Noro kuwa ba ya barin babba balle yaro, kuma ya fi ɓarkewa inda jama'a ke kwana ko cin abinci wuri ɗaya, kamar makarantun kwana da barikoki. An gano shi a 1972, bayan wata ɓarkewa da aka yi a wata makarantar firamare a garin Norwalk na Amurka a 1968. Har yanzu ba a amince da wani rigakafinsa ba. Adeno da astro da sapo su ma suna kawo zawo ga yara, sai dai galibi ba ya kai na rota tsanani.

Dukansu dabam suke da kwalara, wadda bakteriya ke haddasawa, wadda kuma ta fi ɓarkewa da damina. A yankin Afirka ta Yamma rota ya fi yawaita ne da rani, musamman a watannin hunturu.

Yadda yake yaɗuwa da alamominsa

Rota na fita ta bayan gidan mai ɗauke da shi, ya shiga bakin wani ta hannu, ko abinci, ko ruwa, ko kayan wasa. Yana iya yin kwanaki a jikin kwano ko tabarma bai mutu ba, kuma ƙwayoyi kaɗan sun isa su kwantar da yaro. Shi ya sa tsafta da ruwa mai kyau, duk da amfaninsu, ba su isa su hana shi ba. Kafin zuwan rigakafi, kusan kowane yaro a duniya yakan kamu da shi kafin ya cika shekara biyar, a ƙasashe masu arziki da matalauta. Bambancin shi ne wanda ya samu kulawa da wuri yakan tsira.

Gari irin Wudil, da ke kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, yana da kasuwar shanu da ke ci kowace Juma'a, ga jami'a, ga Kwalejin 'Yan Sanda. Irin wannan cuɗanya ta baƙi da 'yan gari na sauƙaƙa wa cututtukan hanji tafiya daga gida zuwa gida.

Alamomi kan bayyana kamar kwana biyu bayan kamuwa. Yaro yakan fara da zazzaɓi da amai, sannan zawo mai ruwa-ruwa ya biyo baya, wanda kan ɗauki kwana uku zuwa takwas. Abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Alamominsa sun haɗa da faɗawar maɗiga, zurmawar idanu, bushewar baki, kuka ba hawaye, ƙarancin fitsari da kasala. Yaron da ya kasa shan nono, ko yake amayar da duk abin da ya sha, ko aka ga jini a bayan gidansa, asibiti ya kamata a kai shi nan take.

Magani

Babu maganin da ke kashe rota kai-tsaye. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara shi ne a mayar da ruwan da jiki ya rasa ta hanyar ruwan gishiri da sukari, wato ORS, a zuba ƙunshi ɗaya cikin adadin tsaftataccen ruwan da aka rubuta a jikinsa, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan. A haɗa da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14, sannan a ci gaba da shayarwa da ba da abinci. Idan ruwan jiki ya ƙare sosai, sai an yi ƙarin ruwa a asibiti.

Tarihin rigakafin

Rigakafin rota na farko ya fito a Amurka a 1998, aka janye shi a 1999 bayan an lura yana ƙara haɗarin naɗewar hanji, inda wani sashe na hanjin ke shigewa cikin wani. A 2006 aka fitar da sakamakon manyan gwaje-gwaje na wasu sababbi guda biyu, Rotarix da RotaTeq. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci dukan ƙasashe su sanya rigakafin rota cikin jadawalinsu. A 2018 ta amince da wasu biyu masu sauƙin kuɗi da ake yi a Indiya, Rotavac da Rotasiil.

Ƙasar Hausa na da hannu a wannan tarihi. A Madarunfa da ke Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar aka gwada Rotasiil a kan jarirai kimanin 3,500, ƙarƙashin ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF da cibiyar bincikenta ta Epicentre. Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa ya rage gudawar rota mai tsanani da kusan kashi 67 cikin ɗari. An ba gwajin muhimmanci ne saboda wannan nau'in yana jure zafi, abin da ke da amfani a karkarar da wutar lantarki ba ta wadata ba.

Afirka ta Kudu ta fara ba da rigakafin a 2009, Sudan a 2011, Ghana a 2012, Nijar kuma a 2014. Najeriya ta makara, alhali tana cikin ƙasashen da suka fi asara. Ƙiyasin 2013 ya nuna rota ya kashe yara kimanin 215,000 a duniya a shekarar, kuma kusan kashi 14 cikin ɗari nasu 'yan Najeriya ne. A ranar 22 ga Agusta, 2022, Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa, ƙarƙashin Dokta Faisal Shu'aib, ta ƙaddamar da shi da tallafin ƙungiyar Gavi da UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya. An fara da jihohin Arewa 19 da Abuja, jihohin Kudu suka biyo baya.

Yadda ake ba da shi

Ɗigawa ake yi a baki, sau uku: a mako na 6, na 10 da na 14 da haihuwa, a ranakun da ake yi wa jariri allurar penta da ta ciwon huhu. A Wudil ana samunsa a babban asibitin garin da cibiyoyin lafiya na matakin farko. Ba shi ne ɗigon shan inna da ake bi gida-gida ana bayarwa ba, don haka yaron da aka ɗiga wa na shan inna yana buƙatar na rota.

Mako shida kwana 42 ne, wato kwana biyu bayan mai jego ta yi arba'in. A daidai wannan lokaci ne mata da yawa ke yawon arba'in, ko suke shirin komawa ɗakinsu daga wankan gida, sai ranar farko ta wuce ba a lura ba. Jinkiri na da illa, domin rota ya fi kama yara da tsanani tun suna 'yan watanni. Uwar da take Garko ko Gaya ko Warawa a ranar za ta iya nuna katin rigakafin jaririnta a cibiyar da ta fi kusa. Idan an tsallake rana, ma'aikatan lafiya kan ci gaba daga inda aka tsaya.

Iyakar kariyarsa

Rigakafin ba ya hana kowace gudawa, domin rota kaɗai yake yaƙa. Yaron da aka ɗiga wa yana iya yin zawo saboda noro ko bakteriya, kuma hakan ba ya nufin rigakafin bai yi aiki ba. Ƙarfinsa a Afirka bai kai yadda yake a Turai da Amurka ba, amma da yake cutar ta fi kisa a nan, rayukan da yake cetowa sun fi yawa.

Wasu jarirai kan yi ɗan zawo ko rigima na kwana ɗaya ko biyu bayan ɗigon. Naɗewar hanji na iya faruwa, sai dai ga ƙalilan cikin kowane jarirai 100,000. Idan jariri ya riƙa tsala kuka yana naɗe ƙafafu, ko yana yawan amai, ko aka ga jini a bayan gidansa cikin makon da aka ɗiga masa, a garzaya da shi asibiti a kuma shaida wa likita ranar da aka ba shi rigakafin.